Inuwa da Bawa Sun Riga Gwamnati Haɗa Ofis

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Inuwa, kuma ban taɓa jin ɗokin ba shi labari kamar makon jiya ba. Ina shanya wake a tsakar gida na ji rediyo na cewa an haɗe ofishin wayar da kan jama'a da na masu neman aiki a ƙaramar hukumarmu, sun koma ƙofa ɗaya. Na miƙe ina ta dariya ni kaɗai, har maiɗakina ta leƙo tana tambaya ko lafiya.

Inuwa ma'aikacin yaɗa labarai ne. Lasifika yake ɗaurawa a babur ya zaga ƙauyuka, yau sanarwar rigakafi, gobe ta rabon taki. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, masaƙun Kano suka yi ta sallamar ma'aikata, muka dawo gida rututu, har da ni. Gonakinmu kuwa a manne suke da juna, kowace an riga an raba ta tsakanin 'yan'uwa, ba inda mutum zai ƙara kunya ɗaya. Mai neman aiki ya yi rajista a ofishin ƙwadago, amma labarin inda ake ɗaukar mutane yana wani ofishin, mai ba da shawara yana wani garin. Wata biyu ina wannan zirga-zirga. Ranar da na dawo daga Bici a ƙafa, na ce wa Inuwa zan sayar da rabona na gona in tafi kudu.

Ya ce, “Ba ni kasuwa uku. In ba a dace ba, ni zan nemo maka mai saye.”

Washegari ya tafi wurin Malam Bawa, magatakardan ofishin ƙwadago, ɗan gidan Maguzawan da suka shiga Kiristanci a ƙauyen da ke bayan namu. Bawa ya sha ba ni labarin abin da Inuwa ya ce masa: “Malam, kai kana da sunayen mutane ba ka da labari, ni ina da labari ba ni da sunaye. Me ya raba mu in ban da bango?”

Ranar kasuwa suka ɗauko teburi ɗaya suka girke a gindin ɗorawa. Kai, ranar nan! Inuwa na shela, Bawa na buɗe littafi. Wani ɗan kwangila na neman magina, sai ga magina biyar a shafi ɗaya. Mata suka zo tambayar ajin yaƙi da jahilci, tsofaffi suka kawo takardun da suka rasa mai karanta musu. Ba wanda aka tura wani wuri. A kasuwa ta uku Inuwa ya ce akwai mai injinan niƙa a Dawanau da ya rasa mai gyara. Bawa ya bi layi da yatsa, ya ɗago yana dariya: “Ai ga ƙanenka, bakanike ne a masaƙa!” Shi kansa Inuwa bai san ainihin aikina a can ba. Na samu aikin, gonar nan kuwa har yau ita nake nomawa.

Ba a bar su sun sha daɗi ba. Takardar tuhuma ta zo daga sama, wai wa ya ba su izinin haɗa ofis biyu. Aka mayar da Inuwa wajen Rimin Gado. Duk da haka, ranar kasuwa sai ga ƙarar babur ɗinsa, ya sadaukar da ranar hutunsa, haka har ciwo ya kwantar da shi.

Da yana raye, na san zai yi murna, har ya fi ni. Amma na san halinsa, kafin a gama yanka zaren buɗe ofishin zai tambaya: wanda ba shi da waya, wa zai gaya masa? Matar da ba ta fita kasuwa fa? Masu sabon ofis su riƙe waɗannan tambayoyi, don nasa ne.

Bai bar gida na siminti ba, sunansa kuma ba ya jikin allon da aka kafa. Abin da ya bari mutane ne: magina, teloli, masu gyara, da 'ya'yansu da suka yi karatu a garin iyayensu.

Shekaranjiya na ɗauki Malam Bawa a babur muka je sabon ofishin. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma ya dogara sanda har gaban wata budurwa mai kwamfuta, ya murtuke fuska ya ce aiki yake nema. Ta jawo masa kujera, ta ce, “Zauna, Baba. Wane aiki ka iya?”

Sai ya ce, “Wannan da kike yi, 'yata. Ni da wani abokina. Allah ya jiƙansa.”

Na ce amin.