Yadda Balaraba Ta Ba Da Magini Kiwo

Balaraba 'yar kawuna ce, wato taubashiyata, saboda haka in na faɗi aibinta ba mai kai ni ƙara. Gajera ce, ga faɗa, ga rowar goro. Amma ban taɓa ganin yatsu irin nata ba a duk Madarumfa. Lokacin da take buga tafireta a ofishin wani shirin raya karkara da Turawa suka kawo, tun daga bakin hanya kana jin ta kamar mata na sussuka.

Da aka kawo kwamfuta ofishin, maza suka lulluɓe ta da zane suna kewaye ta a hankali kamar mara lafiya. Balaraba ce ta yaye zanen. Wata Baturiya ta ɗora ta a hanya, sauran kuma taurin kai ya ƙarasa. Cikin 'yan shekaru ta rubuta wata manhaja da ta sa wa suna Magini. Ba sai ka iya harshen na'ura ba. Magini zai tambaye ka abin da kake son adanawa, ka gaya masa, shi kuma ya gina maka rumbun bayananka. Masuntan tabki suka samu nasu, masu lambu ma haka. Wanda ta fi ji da shi shi ne na asibitin gari, inda aka zuba sunayen yara da allurar rigakafin da aka yi wa kowa da wadda ta rage masa.

Aibin Magini ɗaya ne: bai san kowace kwamfuta ba sai irin wadda aka haife shi a cikinta, mai baƙin allo da koren rubutu.

A 1996 sojoji suka karɓi mulki, masu shirin suka naɗe tabarmarsu, har da kwamfutar. Sun dai yi mata adalci, suka bar ta ta kwashe aikinta a faifan disket. Na same ta a tsakar gida ta tasa faifan a gaba tana harararsu.

"To, ki sa su adaka mana," in ji ni.

"Kai dai bawan nan ba ka da kai," ta ce. "Disket ba ta jimre zahin garin ga. Magini kuwa in ba a buɗa shi ana aiki da shi ba, mutuwa za shi yi, da ɗiyan mutane duka a ciki."

Ta juya tana kallon turken awakinta, wanda ba komai a kai sai igiya. Balaraba tana da jajayen awaki ba kaɗan ba, amma ko ɗaya ba ta kwana gidanta. Duk ta raba wa matan ƙauyen Safo kiwo, bisa ƙa'idar da muka gada: haihuwar fari ta mai akuya, ta biyu ta mai kiwo. Can sai ta miƙe ta ce in tayar da babur.

Mutum biyu ta zaɓa. Na farko wani malamin lissafi a Maraɗi. Na biyu Hamisu, mai fitar da kayan 'yan kasuwa daga kwastan a Ɗan Issa, can bakin iyaka, wanda ke da sabuwar kwamfuta mai launi da ake tuƙawa da ɗan linzami. Ina tsaye ta gindaya masa sharaɗi kamar mai miƙa igiyar akuya.

"Na ba ka shi kiwo, ba kyauta ba. Ka yi aikinka da shi yadda kake so. In ka koya mishi tahiya cikin wagga ordinatar taka, kwamfutar nan, haihuwar fari ke nan, tawa ce, ka maido mini. Bayan nan ina son shi iya kowace iri, shi iya Hausa, shi iya Turancin Ingilishi na mutanen Katsina. Abin da ka ƙara mishi na biyu naka ne."

Hamisu ya yi dariya har hularsa ta goce, amma ya karɓa. Ta haɗa masa da rumbun asibitin, wai ya riƙa gwaji da shi.

Daga nan shiru. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi. Balaraba ta koma buga wa mutane takardu da tsohuwar tafireta a gindin bishiyar bedi. Malamin Maraɗi aka yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da nasa faifan ko sallama babu. Ni kuwa na samu abin tsokana, duk haɗuwarmu sai na tambaye ta ko kura ba ta cinye awakin ba. Tana zagina, amma na san abin yana cin ta, don har ramewa ta yi.

Sai ga ƙyanda ta ɓulla a ƙauyuka. A daidai lokacin wata ƙungiya ta ba asibitin kwamfuta, ba irin tsohuwar ba, ba kuma irin ta Hamisu ba. Majo, shugaban asibitin, ya aiko wa Balaraba, don yawancin iyaye mata katin 'ya'yansu ya ɓata ko gara ta ci, allurar kuma ba ta isa a yi wa kowa ba. Ta ɗauko faifan da ta ajiye wa kanta. Na'urar ta yi gurnani ta tofo shi. Wallahi na tausaya mata.

Muka kama hanyar Ɗan Issa. Hamisu na ganinmu ya fara sosa ƙeya.

"Yaya Balaraba, ki yi mini aikin gahwara. Akuyarki ta haihu tun tuni, hidima ce ta hana ni kawowa. Kuma akwai wani laihin. Na ba wani ɗan'uwana mai maɗaba'a a Katsina kiwo, ban shaida miki ba."

Balaraba ta fara kumbura. Ni har na ja da baya.

"Tashi ordinatar wace iri ce?"

Ya kwatanta mata. Irin ta asibiti ce sak. Ɗan'uwan ya sha fama da Magini har ya zauna a cikinta, kuma da yake uwarsa mai awaki ce, bai jira an tuna masa ba, ya aiko da haihuwar fari. Tana nan cikin aljihun teburin Hamisu.

A asibiti mata sun cika rumfa da goyo. Balaraba ta zura faifan, ta yi bisimilla, ta danna. Allon ya yi fari, ya ɗan yi jim, sai ga Magini ya fito cikin sabuwar riga yana tambayar wane rumbu za a buɗe. Ta juyo ta dube ni.

"Ina kurar taka?"

Dariya kawai na yi, ban taɓa jin daɗin an kayar da ni kamar ran nan ba. Tun ba ta zauna ba ta fara zayyana wa majo shirinta: baɗi za ta ba asibitin Safo kiwo, sannan a koya wa Magini Hausa tsantsa don ungozomomi su yi aiki da shi da kansu. Majo ya ce ta yi wa Allah ta bari a sallami mutane tukuna.

Ta farko a layi wata mata ce daga bayan tabki, ba kati, ba ta kuma tuna ko an yi wa ɗanta allurar ba. Balaraba ta buga sunansa da na ƙauyensu.

"Tanko na Asabe. An yi mishi duka, saura ta ƙyanda. Majo, ga naka na fari."

Yaron ya tsala ihu da allura ta shige shi, uwar kuwa ta rangaɗa guɗa har ta rufe kukan.