Baiwa Mai Kitso da Ƙeyar Mero

Da yaƙin basasa ya ƙare, Inna Baiwa na cikin waɗanda suka fara komowa Inugu. Ta tarar an kwashe komai na ɗakinta a unguwar Obiagu, har ƙyaure. Ta ari 'yar kujera, ta kafa ta a gindin mangwaro, ta fito da mataji da kibiyar tsaga, ta ci gaba da kitso kamar jiya ta bari.

Allah bai ba ta haihuwa ba, amma kusan duk 'yan matan unguwarmu a tsakanin gwiwoyinta muka girma. Mai kitso ƙeya take kallo, ba fuska ba. Don haka takan ga abin da ɗankwali ya rufe: kwarkwata, ƙuraje, wani lokaci shatin bulala.

A shekarun da kuɗin fetur ya fara yawo, manyan motoci suka yi yawa, Zuwaira mai tuwon direbobi ba ta da lokacin kanta. Tana da 'ya, Mero, 'yar shekara bakwai, wadda ta sha fama da ƙyanda ta tashi. Tun daga nan uwar ke kukan yarinyar ta yi taurin kai: a kira ta, ta yi banza da mutum. Kullum sai ta sha duka.

Ranar da aka kawo Mero kitson salla, Inna Baiwa ta ga tabo sabo a kan tsoho a bayan wuyanta. Ta ce, "Juya, 'yar nan." Shiru. Ta sake faɗa. Shiru. Da ta ɗan taɓa mata kafaɗa, nan take yarinyar ta juya.

Washegari Zuwaira ta zo nata kitson. Mero na can gefe tana wasa da 'ya'yan mangwaro, ta ba su baya. Sai da aka kai rabin kai Inna ta ajiye kibiya.

"Kira min 'yarki."

"Mero! Ke Mero!" Zuwaira ta yi tsaki. "Kin gani ko, Inna? Haka take min. Bari mu je gida."

Inna ta ɗauki babban farantin ƙarfe ta sake shi a kan siminti. Kaji suka watse, Zuwaira ta zabura tana salati. Mero ko motsi ba ta yi ba, tana ta jera 'ya'yan mangwaronta.

"Tashi ki zaga ta gabanta," in ji Inna. "Ki durƙusa, ki kira ta a hankali."

Zuwaira ta tashi, rabin kai a kitse, rabi a tsaye. Da inuwarta ta faɗa kan yarinyar, Mero ta yi maza ta kare kanta da hannu biyu. Uwar ta daɗe a tsaye tana kallon hannayen nan. Sannan ta durƙusa, ta sauke su, ta ce, "Mero."

Yarinyar ta kafa wa leɓenta ido. "Na'am, Umma."

Zuwaira ta rungume ta tana kuka. Mero kuwa hannu ta kai ta shafa gashin da ke tsaye, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ai dole ta yi dariya," in ji Inna, tana share ido da bakin zane. "Zo mu ƙarasa, kada direbobi su gan ki haka su bar miki tuwonki."

Daga ranar, duk wadda ta zauna kitso sai Inna ta gaya mata: Mero ba ta ji, a daina yi mata ihu, a taɓa kafaɗarta. Ita ce kuma ta yi ta tambaya har aka sami makarantar kurame, ta raka Zuwaira suka kai ta.

Inna Baiwa ta tsufa yanzu, yatsunta sun fara sanƙarewa. Idan an yi hutu, Mero ce ke zuwa ta tsefe mata furfura, ta yi mata tsaga. In tana so tsohuwar ta juya, sai ta taɓa mata kafaɗa.