Malam Muntaka Aujara, Mai Auna Ƙasar Noma

An haifi Malam Muntaka a shekarar 1952 a garin Aujara. Mahaifinsa Malam Arzika manomi ne, mahaifiyarsa kuwa Malama Fatsuma.

Karatu

Bayan ya sauke Alƙur'ani a hannun kawunsa, ya shiga firamare a 1961, daga bisani ya halarci makarantar aikin gona a Kano, inda ya ƙware a ilimin tantance ƙarfin ƙasa.

Aiki

Ya kama aikin gwamnati a Kano. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, sai aka mayar da shi Dutse. A daminar 1996 geron wani ƙauye da ke maƙwabtaka da wata masana'antar jima ya ƙi girma, masu masana'antar kuma suka ce gonakin ne suka gaji. Shi da abokin aikinsa Nehemiah Dalyop, mutumin Filato, suka ɗebo ƙasa daga gonaki arba'in da uku, suka tabbatar gishirin ruwan jima ne ya ƙone ta. Aka nemi ya sassauta rahoton, ya ce, "Abin da ƙasar ta nuna na rubuta, kuma da ita mutanen nan ke ciyar da 'ya'yansu." Aka yi masa canji zuwa Taura. Duk da haka, kowace Asabar yakan koma ƙauyen a kan babur yana nuna musu yadda za su farfaɗo da gonakin da taki, har aka karkatar da ruwan a 1999.

Iyali

Ya auri Malama Zakiyya a 1977, daga baya suka zauna a unguwar Takur da ke Dutse. Da Nehemiah ya rasu a haɗarin mota a 2000, ya bar 'yarsa Juliana wadda mahaifiyarta ta riga ta rasu, sai Malam Muntaka ya riƙe ta da yardar danginta. Bai taɓa neman ta bar addininta ba. Shi ke kai ta coci kowace Lahadi, ya jira ta a gindin darbejiya.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 9 ga Maris 2004, bayan gajeriyar jinya. An binne shi a Aujara, kuma manoman ƙauyen nan da ya taimaka wa ne suka haƙa kabarinsa, ba su bar kowa ya karɓe su ba. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar, kamar yadda shi kansa yake lissafa su: Misbahu, Kamilu, Hassana, Zaituna da Juliana. Allah ya jiƙansa da rahama.