Bitas ɗin Pompo da Tatar Gasara

Shekara goma sha ɗaya na yi ina jan babbar mota tsakanin Arlit da Assamakka kafin ciwon baya ya sauke ni. Da ƙyar wani abokina ya samo mini aiki a Akokan, a gidan shaƙatawar manyan ma'aikatan ma'adinai. Aka damƙa mini pisin, wato tafkin simintin da suke iyo a ciki. Ni da ko a kududdufi ban taɓa iyo ba! Amma ina da mata da 'ya'ya huɗu, ban tsaya zaɓe ba.

A watana na biyu aka cire tsohon pompo aka sa sabo. Tsohon ba ruwansa da wayo, kunnawa ce da kashewa. Sabon kuwa yana da maɓallin ƙara bitas, wato gudu, da na ragewa. Aikinsa ya zuƙo ruwan pisin, ya tura shi ta cikin wata babbar tukunya cike da yashi mai riƙe datti, sannan ya mayar da shi. Wanda ya haɗa shi ya yi mini bayani da Faransanci a gurguje, na yi ta gyaɗa kai kamar na gane. Girman kai rawanin tsiya.

To, direba ka miƙa wa abin ƙara gudu. Na danna shi har ƙarshe. A hanyar Assamakka duk wanda ya sassauta ƙafa cikin rairayi shi ke kafewa, kuma ilmin da na zo da shi ke nan.

Cikin kwana uku ruwan ya koma kamar an wanke shinkafa a ciki. Na ƙara magani, na wanke tukunyar yashin sau biyu, a banza. Injin yana ta ruri, bututu suna rawa. Ranar Laraba shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, ya tsaya bakin pisin ya ce, "Asabar iyalai za su taru a nan. In ban ga ƙasan ruwan nan ba, ka ajiye mini makulli."

Raina a ɓace na zagaya bayan kicin. Can na tarar da Inna, wata dattijuwa mutuniyar Tahoua da ke dafa wa ƙananan ma'aikata abinci, tana tace gasarar kunu da farin ƙyalle.

"Direba, mi yas same ka kaka huci kamar injinka?"

"Inna, bari kawai. Na ba shi duk ƙarfinsa, ruwan ya ƙi wankuwa."

Ta sa na faɗa mata yadda abin yake aiki. Da na gama sai ta miƙo mini ƙyallen da ƙullun a ciki. "Kama nan. Matse min da ƙarhinka duka."

Na murɗe shi kamar ina ɗaure kaya a mota. Nan take dusa ta fara kutsowa ta idon ƙyallen tana zuba cikin tatacciyar gasarar. Ta buge mini hannu.

"Ka gani, ka ɓata min kunu. Tata ba ta son ƙarhi, ɗana. Bar ruwa shi bi sannu, ƙyalle shi yi aikinai."

Gaskiya na ji haushi, wai mai kunu ke koya mini inji. Amma ba ni da wata dabara, sai na koma na rage bitas har ƙasa. Fuskar ruwan ta tsaya cik, na gane na wuce gona da iri. Na tsinko busasshen ganyen bedi, wato dogon yaro, na jefa tsakiyar pisin, ina ƙara bitas kaɗan-kaɗan ina leƙowa, har ganyen ya kama hanyar bakin da ke zuƙar ruwa, yana tafiya irin ta tsoho mai dawowa daga masallaci. A nan na bar shi, bai ko kai rabin gudunsa ba, ya yini yana aiki. Shirun injin ya riƙa tsorata ni, ina yawan ɗora masa hannu in ji ko yana raye.

Ranar Alhamis matakalar ciki ta fito. Juma'a da na dawo daga masallaci na hango ƙaramin cokalin shayi kwance a can ƙasa, har ina ganin zanen jikinsa. Na zauna a bakin siminti na yi ta hamdala. Shef ya zo ranar Asabar, ya duba, ya wuce, makulli kuma ya kwana a aljihuna.

Na kai wa Inna sukari da ganyen shayi. Ta yi dariya ta ce na kunun da na ɓata ne. Ni ma na biye mata muka mai da abin wasa, ban taɓa zama na gode mata yadda ya kamata ba.

Da aikin nan na ciyar da gidana har ranar da aka rufe ramin ma'adinan Akokan, kowa ya kama gabansa. Inna ta shiga motar Tahoua a ranar da ba na gari. Babbar 'yata yanzu malamar asibiti ce, Inna ba ta sani ba. Duk safiyar da na ga matata tana tace gasara, sai na ce Allah ya saka wa Inna da alheri. Ban san ko addu'ar mai rai nake yi ba, amma ban fasa ba.