Murjanin da Aka Binne

Dalhatu ɗan masunta ne daga Yawuri, a bakin Kwara ya tashi, ya iya ruwa tun bai iya ɗaure mazugin wando ba. Amma da Allah ya kai shi Saudiyya sai ya ajiye shi a Riyad, garin da ko tafki babu. Tuƙi ya je yi. Kafilinsa, wanda iƙamarsa ta zama a ƙasar take hannunsa, wani dattijo ne da ake kira Abu Fahad, mai shagon kayan nutso a unguwar Malaz. A bayan shagon akwai kwamin ruwa mai zurfi inda ake koya wa mutane numfashi da tukunyar iska kafin a kai su teku.

Wata rana magudanar kwamin ta toshe. Dalhatu ya tuɓe riga ya shiga ya gyara ta, bai ɗago ba sai da ya gama. Abu Fahad na tsaye yana kallo. Daga ranar ya sa aka koya masa aikin, har ya samu takardar shaida. Ya zama shi ke tuƙa masu nutso zuwa Bahar Maliya a ƙarshen mako, tafiyar yini guda, kuma shi ke shiga ruwa tare da su.

Ruwan da ya sani a gida ja ne, da hannu ake lalube a cikinsa. Wannan kuwa garau yake, mutum na ganin yatsun ƙafarsa. A nan ya fara ganin murjani a raye. Shi a da a wuyan mata kawai ya san shi, bai taɓa zaton abu ne mai tsirowa ba, mai rassa kamar kurmi, kifaye kala-kala na shiga suna fita. Ya kira matarsa Jamilatu a waya yana ta ba ta labari, ta ce, "Malam, kai dai ka riƙa fitowa da wuri, ni abin da na sani ke nan."

Shekaru suna tafiya a haka, sai ruwan wurin ya fara gurɓacewa. Wani kamfani ne ya samu gaɓar, yana cike bakin tekun da duwatsu da yashi don gina otal. Laka ta riƙa sauka a kan murjanin kamar toka. Rassan suka yi fari, kifayen suka watse.

Cikin masu nutson akwai Majid, malamin jami'a, mutum mai sanyin magana. Shi ya fara tara su a shagon bayan la'asar. Suka rubuta koke, suka bi ofisoshin Riyad ɗaya bayan ɗaya, suka sa hotuna a intanet suna neman a dakatar da aikin. Dalhatu ne ya ɗauki bidiyon da ya fi yawo, domin hannunsa ba ya rawa a ƙarƙashin ruwa. Ranar da ake sa hannu a koken, takardar ta zagayo har gabansa, sai Majid ya janye ta a hankali.

"Kai baƙo ne, Dalhatu," in ji shi. "Kada mu ja maka abin da ba za mu iya cire maka ba."

Dalhatu ya ji sanyi a ransa, ya kuma ji kunyar wannan sanyin.

A ɗakin da yake haya a unguwar Shifa yana da abokin zama, Harouna, mutumin Maraɗi, wanda ya daɗe ba aiki, Dalhatu ne ke ciyar da shi. Ana cikin wannan sai kafilin Harouna ya sama masa tuƙin tifa a bakin teku. Sai da masu nutso suka je wani ƙarshen mako sannan Dalhatu ya hango shi a layin motocin da ke juye duwatsu. Ya ƙarasa wurinsa da kayan ruwa a jikinsa.

"Harouna, ka san abin da ke ƙarƙashin inda kake zubawa?"

"Na ga bidiyonka," in ji Harouna, yana kallon sitiyari. "Ɗan'uwa, in na sauka daga motar nan, kafin in kai ƙofa wani ya hau. Ɗiyana huɗu a gida. Me kake so in yi?"

Motar baya ta yi oda, Harouna ya ja gaba.

Ba a daɗe ba aka kira Majid wani ofishin hukuma. Bai faɗa wa kowa abin da aka ce masa ba. Ya dawo ya goge duk abin da ya sa a intanet, ya daina zuwa shagon. Sauran ma suka janye ɗaya bayan ɗaya. Abu Fahad ya kira Dalhatu ciki, ya rufe ƙofa.

"An tambaye ni wanda ya ɗauki bidiyon, na ce ban sani ba. Ni ɗan ƙasa ne, faɗa kawai za a yi mini. Kai jirgi za a sa ka. Goge shi a gabana, ya ɗana."

Ya goge. Dattijon ya dafa kafaɗarsa, idanunsa sun yi ja.

Sau ɗaya ya ƙara shiga ruwan wurin kafin a kewaye shi da shingen waya. Bai ga komai ba sai duhun laka. Ya kai hannu ya taɓa wani reshe, ya ruguje masa a tafi kamar busasshen kara.

Dalhatu ya ci gaba da aikinsa. Yana cika tukwanen iska, yana koya wa sababbi a kwami, ƙarshen mako ya kai su wata gaɓa can arewa inda murjanin bai mutu ba tukuna, ko da yake ya ga masu awo sun fara kafa turaku a can ma. In ɗalibai sun tambaye shi me ake ginawa a bayan wayar da suka wuce, sai ya ce otal ne.

Bayan Babbar Salla Harouna ya kira shi da murna, ya ce an ƙara musu aiki, kamfanin ya samu wata sabuwar gaɓa can arewa. Dalhatu ya ce, "Allah ya sa albarka. Ka gaida iyali in kun yi waya."