Takardar hoton cikin da na ɓoye wa Umma

Assalamu alaikum. Na san na ɓace muku tun kafin azumi. Masu turo saƙo ku yafe ni, jinya na yi.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Ummata: ciwon da ya kai ni tiyata, ni na ba shi lokaci ya girma.

Da ciwon mara ya fara, ɓangaren dama. Daga baya siket ɗin makaranta ya daina rufuwa. Umma ta kai ni ƙaramin asibitin unguwarmu, muka yanki kati, muka bi layi. Tana can tagar karɓar magani likita ya miƙo mini takarda. “Wannan ta hoton ciki ce, a yi shi cikin satin nan.”

A Yakasai kowa ya san masu zama a bencin hoto, matan aure ne masu juna biyu. To ni fa, ’yar aji biyar, ga ciki ya ɗan taso? Kafin in kai gida labari ya riga ni. Na ninke takardar, na cusa a littafin soyayyar da nake karantawa, na ce wa Umma magani kawai aka rubuta.

Sati shida takardar tana cikin littafin. Kullum in hau soro da la’asar in buɗe littafin, in tsallake shafin.

A littattafan nan, in yarinya ta yi ciwo, sulalewa take a hankali, ta farka a ɗaki mai ƙamshin turare, wani yana riƙe da hannunta. Ni a tsakar gida na faɗi da hantsi, tsintsiya a hannu, ina amai.

Da muka koma asibitin, ashe an kawo sabuwar na’urar hoto, an daina tura mutane wancan gefen gari. Umma ta ce a zamanin soja kwana uku suka yi suna zarya kafin a yi wa yayarta hoto. Bencin da nake tsoro kuwa, har da wani tsoho marini mai shuɗin hannu a kai. Wata Hajiya ta ga ledojin ruwan da aka ce in shanye, ta ce, “’Yan mata, sha abinki. Mu nan duk gasar riƙe fitsari muke, kuma Baban nan ya kusa faɗuwa.” Marinin ya ce, “Hajiya, ki ji da naki.”

Ba wanda ya kalli cikina.

Mace ce mai hoton. Ta ja labule. “Kwanta, ƙanwata, zai yi sanyi.” Ta shafa mini wani mai a ciki, ta juyo da allon na’urar. Na ga kamar hadari yana tafiya a hankali, a tsakiyarsa wani baƙin wata. Har na shagala da kallo, na manta cikina ne.

“Jakar ruwa ce a jikin ƙwan haihuwa,” in ji ta. “Ta girma har ta murɗe. Da an gan ta da wuri, da ba a sha wannan wahalar ba.”

Umma ta ji.

Ranar aka tura mu babban asibiti da sakamakon a hannu. Aka ɗebi jini, aka sa ƙarin ruwa, aka shiga da ni. Na ji tsoron mutuwa, na ji tsoron a ce ba zan taɓa haihuwa ba. Likita ta ce ɗaya ƙwan lafiyarsa ƙalau. Yanzu ɗinki ya warke, jiya har unguwar Zaitawa na taka da ƙafata. Alhamdulillah. Allah Ya saka wa ma’aikatan nan, da ku da kuka yi addu’a.

’Yan’uwana mata, hoton ciki ba na masu ciki kaɗai ba ne. In an rubuta, a je. A tafi da uwa ko yaya, a nemi mace in ana jin kunya, a sha ruwan.

Saura Umma. Har yau in ta zo duba ɗinkin sai ta ce, “Ni ce ban lura da ke ba, Bilkisu.” Ba ta san da zancen takardar ba. Sai na yage tsakiyar littafin lissafina na rubuta mata komai, shafi biyu.

Tana can tana tankaɗe. Ina tura muku wannan zan sauka daga soro in miƙa mata, kuma zan tsaya a wurin har ta gama karantawa.