Motar da Kakanmu Ya Adana da Barkono

Gaskiya kakanmu mai hangen nesa ne, Allah Ya jiƙansa. Dillalin hatsi ne a Kaura. Da motarsa ta tsufa, sai ya binne ta bayan gida, wai jikoki su gani. Yadda yake adana wake ya adana ta, da toka da barkono.

Jiya muka tono ta. Kawu Sani har ya sayar da babur ɗinsa, wai ya gāji mota.

Yana jan ƙofa, ƙofar ta biyo hannunsa. Unguwa duka sai atishawa.

Ya dubi kakarmu: "Inna, wagga mi za ni yi da ita?"

Ta ce, "Gode Allah, ƙwaro ko ɗaya bai taɓa ta ba."

Yau a ƙasa ya tafi kasuwa. Jama'a, gadon Kawu a ƙarfe za a ba shi, ko a barkono?